Darasin da Ke Faɗowa a Makon Yankan Riɗi

Ranar Juma'a bayan la'asar muna tsakar gida a Gadarif, Habboba tana soya gahawa a ƙaramin kaskonta mai karyayyen hannu. Habboba ita ce ta haifi babana. A gari Ustaza Hauwa ake ce mata, domin ta yi fiye da shekara talatin tana koyar da Turanci a makarantun 'yan mata. Yaya Mu'utasim, ɗan baffana, ya zo yi mata sallama. An ba shi aikin koyarwa a wajen Showak, kuma takalminsa sabo ne, takardar kanti ma tana nan manne a ƙasansa.

“Darasin farko da suka ba ni ma abin dariya ne,” in ji shi. “Ƙananan kalmomin nan da ake sawa a gaban suna, su ‘a’ da ‘the’ da ‘this’ da ‘some’. Minti goma, Habboba. In rubuta a allo, su kwafa, kalas, an gama.”

Habboba ba ta ɗago ba. Sai da gahawar ta yi duhu, ta juye ta a turmi, sannan ta ce, “Minti goma. Ku ji mini miji, ko ƙurar alli bai taɓa shaƙa ba. Kulu, ɗauko littafinki ki rubuta. Wannan kafin lori ya kai Showak ya manta.”

Ni ce Kulu. Na ɗauko littafina na zauna kusa da ƙafarta. Ga abin da ta faɗa wa Yaya, gwargwadon yadda hannuna ya iya binta.

*

Aikin farko da aka ba ni ba koyarwa ba ne, shafen allo ne. Makarantar 'yan mata ce a ƙauyenmu da ke kudu da Doka, aji uku kacal, ginin ƙasa da rufin kwano. Wadda na tarar tana koyar da Turanci ita ce Ustaza Nafisa, gajeriyar mace daga bakin kogi, tabaraunta ɗaure da zare. Ranar da na iso da takardata ko kallonta ba ta yi ba. Ta miƙo mini tsofaffin baturan rediyo da dutse. Ka fasa batur, ka kwashe baƙin garin da ke ciki, ka daka shi da ƙaron da ya kwana a ruwa, ka shafa wa allo da tsumma, ka bari ya bushe, ka sake. In ƙaro ya yi yawa allo zai yi ƙyalli, ta layin baya ba za ta ga komai ba sai hasken taga. In ya yi kaɗan, kafin hantsi farin tob ɗin da malama ta yafa ya koma na mai gawayi. Sau huɗu na shafa allon nan kafin ta ce ya yi.

Alli kuma da damina danshi yake sha, ka danna shi a allo ya wuce shiru bai bar komai ba. Ustaza Nafisa a gwangwanin madara take ajiye nata, kowace safiya ta ɗora shi a gefen murhun shayi. Bayan allo da alli sai ta zaunar da ni a layin baya wata guda cur, ba ta bar ni na ce uffan ba. “Ya bitti,” ta ce, wato 'yata, “malamin da bai san abin da ta baya ke gani ba, da ta gaba kaɗai yake hira.”

Kuma a ƙauye ba yara kaɗai ne naka ba. Duk abin da aka rubuta da boko, kai za a kawo wa: gwangwanin maganin ƙwari, kwalin kayan tarakta, takardar asibiti. Wani makanike ya taɓa kawo mini littafin injinsa duk baƙin mai. Na juya shi na ce, wannan ai ba Turanci ba ne. Ya karɓe abinsa ya ce, “Ashe karatun naki ma rabi ne.”

Ranar da muka iso kalmomin nan naka na minti goma, Ustaza Nafisa ta fito da kwandonta. A ciki akwai ƙwai ɗaya, cokali biyu, zangarniyar dawa uku, kofin riɗi da kwalbar ruwa. Ita 'yan rakiya take kiran kalmomin, domin suna a Turanci ba kasafai yake fita shi kaɗai ba, sai da wani a gabansa mai faɗin wanne ne, na wa ne, nawa ne. Ba ta yin bayani. Sai ta ɗaga cokali ta ce ‘a spoon’, ta ɗaga ƙwai ta ce ‘an egg’, ta ajiye, ta shiga wani zancen, can ta waiwayo ta tambayi inda ‘the egg’ yake, wato ƙwan nan da kowa ya riga ya sani. Hannuwa su nuna tebur. Ba ta rubuta doka a allo sai a mako na huɗu, lokacin da yaran da kansu za su iya faɗa mata ita.

Ranar da ta fara ba ni kwandon, ɗanyen ƙwai na kawo daga gida. Na ɗaga shi sama don ta baya ta gani, ya suɓuce ya fashe a kan rajistar aji. Yara suka yi ta dariya har nazira, shugabar makaranta, ta leƙo. Daga layin baya Ustaza Nafisa ta ce, “To, yanzu sai ki koya musu yadda ake cewa babu ƙwai.” Tun daga ranar dafaffe nake kawowa, wadda ta fi ƙoƙari a darasin ita ke cinye shi.

Dawa da riɗi na ‘many’ da ‘much’ ne. Ka ba yarinya zangarniya ta ƙirga, uku. Ka miƙa mata kofin riɗi ka ce ta ƙirga. Za ta dube ka ta ce, “Ustaza, wa ke ƙirga riɗi?” Daga nan har ta tsufa ba za ta sake rikita su ba. Amma sai ta riƙe kofin da hannunta.

Mako huɗu aikin ke ci, kuma ga dalili. Yaranmu da harshe biyu suke shigowa aji. Wadda ke tunani da Larabci tana barbaɗa ‘the’ a kan komai kamar gishiri. Wadda ke tunani da Hausa ba ta sa komai, sai ta saki suna shi kaɗai a hanya. Cuta biyu ce a ɗaki ɗaya, maganin wannan kuma yana ƙara wa waccan ciwo. Sai ka san kowace yarinya da wane harshe take ƙirga a zuci kafin ka gyara mata jimla.

'Yan makarantar kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan 'yan kasuwa da na wakilan mashru, manyan gonakin nan da tarakta ke nomewa. Akwai kuma namu, 'yan unguwar Hausawa, waɗanda iyayensu ke yi wa mashru aiki. Kowace shekara a jarrabawar fita namu ne ke zubewa a Turanci. Lissafi su ci, Larabci su ci, Turanci su faɗi. A ɗakin malamai har ya zama karin magana: 'yan Fallata, sunan da suke kiranmu ke nan, ba su da kan Turanci. A gabana ake faɗa, sai a tuna, a ce, “Ba da ke ba, ya Hauwa.” Da ni ne mana. Ubana da lauje ya ciyar da ni. Ni dai a hannun gwaggona na yi karatu a Gadarif, shi ke nan bambancina da su.

Ustaza Nafisa ta yi ritaya ta bar mini kwandon. Shekara biyu bayan haka, dab da hutun bazara, takarda ta zo daga ofishin ilimi. In 'yan aji uku na baɗi suka faɗi kamar na bana, za a rufe makarantar a haɗe ta da ta Doka. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma Doka tafiyar lori ce, da damina kuma ko lorin ba ya zuwa, babu uban da zai tura 'yarsa. In an rufe makarantar nan, karatun 'ya mace ya ƙare a ƙauyenmu.

A hutun na bi gida-gida na tattaro littattafan yaran tun na aji ɗaya, na baje su a tabarma. Na Zainabu ne ya fara ba ni amsa. Zainabu 'yar Baba Ɗanjuma ce, shugaban masu yankan riɗi, yarinya mai kai, kuma tana cikin masu shiga aji uku. A littafinta na aji ɗaya kowane shafi da jan birona, har na iso 'yan rakiya. Shafi goma sha biyu, rubutu tsaf, tawada ɗaya, babu jan biro ko ɗigo. A zama guda aka kwafe su. A wurin ɗinkin littafin ga ƙwayar riɗi ta maƙale, ta bar ɗan tabon mai.

Na buɗe na sauran namu, duk haka. Na ɗauko rajista na ajiye ta kusa da tsarin darussan da ake aiko mana daga babban birni. Makonni huɗun da tsari ya ba 'yan rakiya su ne daidai makonnin yankan riɗi. Kowa ya san aji yana ragewa a lokacin, ni ma na sani. In sun dawo mukan ce su ari littafi su kwafa. Littafin aji biyu da na uku kuwa sun ɗauka an riga an iya. Kalmomin nan kuma kusan babu jimlar da ba sa ciki, don haka yarinya takan rasa rabin maki nan, rabi can, har takarda ta ƙare.

Na aika aka kira mini Zainabu. Na ce, “Kin taɓa cin ƙwan kwandona?”

Ta ce, “Wane ƙwai, Ustaza?”

*

A nan Habboba ta tsaya ta zuba gahawa, ta miƙa wa Yaya Mu'utasim ɗan kofi. “Ka ji masu kwafa,” ta ce. Yaya ya karɓa yana hurawa. Na ga ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera. Habboba ta kurɓi nata ta ci gaba.

*

Wurin Baba Ɗanjuma na fara zuwa. Na same shi a inuwar bukkarsa yana wasa lauje.

“Baba, bana ku bar mini yaran lokacin yanka. Mako huɗu kawai.”

Ya gwada bakin laujen a farcensa. “Ke ba 'yar Malam Isa ba ce? Ni da ubanki a layi ɗaya muka yi yanka. Ya taɓa gaya miki riɗi yana jira?”

Ba ya jira. In ya nuna, kwana kaɗan gare ka. Ka yi jinkiri kwanson ya tsage ya zubar a ƙasa, wahalar shekara ta zama rabon tururuwa. Maza su yanka, 'yan mata su ɗaure dami, su jera, su kai ruwa, su yi girki a kambo, wato sansanin ma'aikata.

“To in ɗauko allo in biyo ku kambo?”

Ya yi dariya har ya ajiye laujen. “Ki koya wa wadda ta wuni a sunkuye? Ki zo, masu gyangyaɗi za ki samu a araha. Ustaza, je ki roƙi riɗi ya jira Turanci. In ya ƙi, sai ki roƙi Turancin.”

Da wasa ya faɗa. Ni kuwa na ɗauka.

Makaranta tana buɗewa da faɗuwar damina. Kai ɗan birni ne, ba ka san baƙar ƙasar kudancin Doka ba. In ta sha ruwa, taku uku takalminka ya yi nauyin turmi. Lori ya nutse har ƙirji. Wata biyu ko fiye babu mai shiga babu mai fita. Maza suna wajen cirar ciyawa, 'yan mata ba su da inda za su sai aji. Shi ne lokacin da kujeruna ke cika. Kuma shi ne lokacin da mai duba makarantu ba ya iya zuwa.

Na gaya wa nazira abin da zan yi: zan jawo darasin 'yan rakiya cikin damina, tun kafin riɗi ya nuna. Mace ce mai tsoron takarda, saura mata shekara biyu ta huta. Ta toshe kunne da bakin tob ɗinta ta ce, “Ban ji ba, ya Hauwa. Kuma kar ki maimaita.”

Na shiga aji uku na ce kowa ta rufe littafi, na ɗora kwando a tebur. Aji ɗaya da na biyu ma haka na yi musu, amma aji uku ne mai jarrabawa. Ikhlas, 'yar wani babban ɗan kasuwa, ta ce, “Ustaza, mu da za mu fita, ƙwai za ki nuna mana? Ni na ci nawa tun aji ɗaya.”

“Tunda kin ci, taso ki yi aikinsa. Ga kwando.”

Na raba waɗanda suka riga suka iya, kowace na haɗa ta da biyu daga cikin namu. Ikhlas ta yi kwana uku tana kumburi. A na huɗu na jiyo ta tana yi wa Zainabu tsawa irin tawa.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Iska ta ɗauke kwano biyu daga rufin aji uku, muka koma ɗakin ajiya tsakanin karyayyun kujeru. Alli ya ƙare a mako na biyu, lorin da ke ɗauke da shi yana can a laka, ana hangensa daga ƙofa. Muka koma rubutu da gawayi a bango, in ya cika mu shafe da farar ƙasa. Kaji suka daina ƙwai, na yi mako guda ina ɗaga albasa. Ita ma ‘an’ take ɗauka, sai dai ba a rububin kyautarta. In abu ya ƙi shiga kuwa, sai in tura ƙyaure in faɗa da Hausa a hankali: wannan, wancan, waɗannan, waɗancan. An hana yin Hausa a makaranta, amma ƙyaure ba ya kai ƙara.

Wata safiya muna kan na kusa da na nesa, maza sun kewaye lorin nan suna ta turawa yana ƙara nutsewa. Ban tambayi kowa ba. Sai na ji Zainabu, wadda ba ta taɓa buɗe baki da Turanci ba in ba a kira sunanta ba, ta ce, “That lorry has many men and no road.” Wato wancan lorin mutane gare shi da yawa, hanya ce babu. 'Yan rakiya uku a jimla ɗaya, kowanne a mazauninsa. Ita ta ci albasar ranar.

*

“To littafin aji ukun fa?” Yaya Mu'utasim ya tambaya. “Ai kin bar shi a baya.”

Habboba ta dube shi ta saman tabarau. “Yau dai ka yi tambayar malamai,” ta ce. “Saurara.”

*

Mako huɗu nake baya ranar da hanya ta bushe. Hanya kuwa da riɗi tare suke bushewa. Ranar Asabar na shiga aji na tarar da rabin kujeru babu kowa, an tafi yanka. Ranar Litinin mai duba makarantu ya iso a motar ofis. Dogon mutum, baƙin takalmi mai ƙyalli, biro uku a aljihu. Ya tarar ina karanta wa waɗanda suka rage labari, muna gyaran rubutu, domin na riga na yanke ba zan buɗe sabon darasi ba sai namu sun dawo.

Ya zauna a baya har aka tashi, sannan ya kira ni ofishin nazira. Ya buɗe tsari ya ɗora yatsa.

“Ya Ustaza, yau nan ya kamata kike. Ina kike?”

Na nuna masa, can baya.

“Wa ya ba ki izini?”

“Laka, ya Ustaz.”

Nazira ta hau gyara kofunan shayin da ba su nemi gyara ba. Na kawo littafin Zainabu, na nuna masa shafukan da babu jan biro, da tabon mai, da rajista. Ya duba, ba zan ce bai duba ba. Sannan ya ce, “Makarantuna tun daga nan har iyaka. In kowace malama ta tsara nata, me zan duba? Waɗannan yaran kuma, kin san abin da aka sani. Duk zuwan da na yi ba na samunsu.”

“Domin ba ka zuwa sai hanya ta bushe. Shekara nawa kana rubuta rahoto a kan kujeru, ya Ustaz? Yaran suna mashru, rabin sa'a a motarka. Mu je ka tambaye su abin da ka ga dama, a tsaye, da dami a hannunsu.”

Ya dubi takalminsa, ya dubi agogo. Bai je ba.

Ya zaro takarda ya rubuta alkawari da sunana: zan koma kan tsari daga gobe, in ci gaba da waɗanda ke aji, ba kuma zan sake taɓa jerin darussa ba. Ya miƙo mini biro ɗaya daga cikin ukun.

Nazira ta matso ta raɗa mini, “Sa hannu, ya bitti. Mota za ta tafi, ki yi abin da kika ga dama.”

Shawara ce mai kyau, malamai da yawa da ita suka kai ga fansho. Amma in na sa hannu, takardar za ta shiga fayil ta ce tsari daidai yake, Hauwa ce ta kauce ta tuba. In yaran suka ci, a ce albarkar komawa kan tsari ce. Wadda za ta zo bayana kuma ta sake kai 'yan rakiya makon riɗi.

“Ba zan sa ba.”

“Kin san abin da zan rubuta a kanki?”

“Ka rubuta da kyau. Ka sa har da ranar da ka zo, da abin da ake yi a gona ranar.”

Ya mayar da biron aljihu. Shayin ma bai ƙarasa ba.

Yaran suka dawo bayan mako huɗu, rana ta dafa su, tafin hannu duk kanta, biro yana zame musu. Yanzu mako takwas muke baya, ga jarrabawa kafin bazara. Girbin dawa na maza ne da inji, bai taɓa mini aji ba. Muka riƙa shiga tun kafin a buga ƙararrawa, muka ƙara da ranar Juma'a da hantsi. Gudu muka yi, kuma gudun ya yiwu ne domin na daina tsayawa gyaran kowace jimla. Duk da haka ba mu gama ba. Darasi uku na ƙarshen littafi ko buɗe su ba mu yi ba. Kar wani ya gaya maka abin da na yi bai ci kowa ba.

A Doka aka yi jarrabawar. Baba Ɗanjuma ne ya samo mana lorin da ke ɗaukar dawa, yaran suka zauna a kan buhuna da fararen mayafansu. Ranar Turanci na zauna a gindin bishiya wajen katanga. Ikhlas ce ta fara fitowa, fuska a murtuke.

“Ustaza, tambaya ta biyar daga ƙarshen littafi ta fito. Ba mu taɓa ganinta ba.”

“Na ji. Wannan a wuyana take.”

Zainabu kusan ita ce ta ƙarshe. Na ce, “Me kika yi da ta biyar?”

“Na bar musu kayansu, Ustaza. Na koma farko ina bin jimlolina ɗaya bayan ɗaya, ina duba wanda ya fita ba rakiya.”

Ambulan biyu suka zo rana ɗaya, nazira ta buɗe su a gabana. Na farko ya ce makaranta za ta ci gaba. Ba duka suka ci ba, kar ka ɗauka tatsuniya nake maka. Wasu sun faɗi. Ikhlas ta rasa matsayin da take nema saboda tambaya ta biyar, ubanta bai ƙara amsa gaisuwata ba. Amma namu sun ci da yawan da ƙauyen bai taɓa gani ba, Zainabu a cikinsu, kuma babu wanda ya sake maganar Doka. Na biyun ya ce an mayar da Ustaza Hauwa garin Fau saboda ƙin bin tsari. Tsarin kuwa ko waƙafi ba a canza masa ba.

“Da kin sa hannun nan,” in ji nazira.

“Da na sa, da yanzu tsari ake yi wa barka.”

Fau ƙasar ban ruwa ce. Babu riɗi, sai magudanai da auduga da gyaɗa. Nazirar can ta riga ta karanta fayil ɗina. Ta miƙo mini tsari da hannu biyu ta ce, “An ce ke ce mai gardama da takarda. Mu a nan shafi-shafi muke binta.” Na karɓa na yi godiya.

Na shiga aji ɗaya, yara suka miƙe suka gaishe ni, na ce su zauna. Na ajiye tsarin a tebur ban buɗe ba. Na dubi layin baya, inda masu kanta a hannu ke zama, na ce, “Kafin in tambayi sunayenku, a nan wane wata ake cirar auduga?”

Hannuwa suka tashi. Na ɗauki alli na fara ƙirga makonni da baya.